Ba kowace awar atisaye ce ke ƙara gwaninta ba

Mutum biyu za su fara buga wasa ɗaya a wata ɗaya, kowannensu ya zuba masa awa ɗari biyar, a ƙarshe ka tarar ɗaya ya yi nisa, ɗayan kuma yana nan inda ya tsaya tun awa ta hamsin. Haka abin yake a gem, wato wasan kwamfuta ko waya, haka yake a kiɗa da zane da saƙa, har a karatun yara. In aka tambayi dalili, amsa biyu aka fi ji. Wasu su ce baiwa ce, wanda ba a ba shi ba ya haƙura. Wasu su ce wanda ya tsaya bai yi isasshen atisaye ba ne, ya ƙara lokaci. Kowace amsa na da ƙamshin gaskiya, amma duka biyun sun kauce wa tambayar da ta fi amfani, wato me aka yi a cikin awannin. A ganina lokaci wajibi ne, babu gwanin da ya tsallake shi. Sai dai yawancin abin da mutane ke kira atisaye maimaita abin da aka riga aka iya ne, kuma wannan ba ya ƙara komai sai sabo. Iyaye da malamai da masu koyon abu don nishaɗi sun fi buƙatar sanin yadda ake kashe minti ashirin, a kan sanin jimillar awannin da manyan gwanaye suka tara.

Maganar da ta karaɗe duniya, wai sai da atisayen awa dubu goma ake zama gwani, tana da asali. A 1993 Anders Ericsson da abokan aikinsa biyu suka wallafa binciken da suka yi a kan ɗaliban gogen Turawa a wata makarantar koyon kiɗa da ke birnin Berlin na Jamus. Aka kasa ɗaliban gida uku: waɗanda malamai ke sa ran za su yi suna a duniya, waɗanda suka iya sosai amma ba su kai na farkon ba, da waɗanda ke shirin zama malaman kiɗa. Zuwa shekara 18 rukunin farko sun tara kimanin awa 7,400 na atisaye su kaɗai, na biyu 5,300, na uku 3,400. Zuwa shekara 20 na farkon sun kai wajen 10,000. A 2008 marubuci Malcolm Gladwell ya ɗauki wannan adadi ya mai da shi doka a wani littafinsa, shi kuwa Ericsson har ya rasu a 2020 yana nanata cewa ba haka ya faɗa ba. Adadin matsakaici ne kawai, rabin rukunin ma ba su kai shi ba, kuma a lokacin dukkansu ɗalibai ne da sauran tafiya a gabansu.

Abin da aka fi mantawa shi ne irin awannin da aka ƙirga. Ba a lissafa kiɗa a gaban jama'a ko kiɗan jin daɗi ba. An ƙirga zaman da ɗalibi ke yi shi kaɗai yana fama da wurin da bai iya ba. Rukunai biyu na sama suna yin irin wannan zaman kusan awa 24 a mako, na ƙasa kuwa wajen 9. Ke nan ko su gwanayen a matsakaici wajen awa uku da rabi kawai suke yi a rana, a gutsure suke yi, kuma sun fi sauran yin barcin rana, domin aikin na cin ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya ce yana atisaye awa goma a rana, to mafi yawan lokacin wasa kawai yake yi, ko kuma ya kama hanyar ciwon wuyan hannu.

Binciken da ya biyo baya ya ƙara dagula lissafin. A 2007 Fernand Gobet da Guillermo Campitelli suka duba 'yan wasan dara ta ces a Ajantina. Akwai wanda ya kai matakin gwani da awa 3,000 da 'yan kai, akwai wanda sai da ya haura 23,000. A 2014 Brooke Macnamara da abokan aikinta suka tattara bincike 88, suka gano cewa yawan atisaye na bayyana kashi 26 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a wasannin tunani irin su ces, kashi 21 a kiɗa, kashi 18 a wasannin motsa jiki, kashi 4 a karatun makaranta. Masu cewa komai baiwa ne sukan kafa hujja da waɗannan alƙaluma, amma sun yi garaje. Ko mafi saurin 'yan ces ɗin nan sai da ya zauna awa dubu uku. Kuma yawancinmu ba kambin duniya muke nema ba. Mai koyon gita so yake ya buga waƙa ba tuntuɓe, mai gem so yake ya haura matakin da ya maƙale, uwa so take ɗanta ya karanta shafi ba in'ina. A wannan matakin, yadda ake atisayen ya fi duk wata baiwa tasiri, kuma shi ne kaɗai abin da ke hannunmu.

Dalilin tsayawa sananne ne. Tun 1967 Paul Fitts da Michael Posner suka bayyana cewa koyon aikin hannu na bin matakai uku. Da farko kana tunanin kowane motsi, kana yawan kuskure, kana saurin gajiya. Sai motsin ya fara haɗuwa. A ƙarshe hannu ya riƙa yi da kansa, har kana iya hira kana yi. Wannan mataki na ukun shi ne daɗin koyo, kuma a nan ci gaba ke tsayawa, domin duk abin da hannu ya haddace, mai kyau da marar kyau, ya zauna ke nan. Dubi mai buga rubutu a kwamfuta da yatsa biyu. Yana iya shekara goma sha biyar yana bugawa kullum, awanninsa su cika dubu goma, amma saurinsa na nan kamar na shekarar farko, don bai taɓa tilasta wa sauran yatsunsa su san wurarensu ba. Ranar da ya ce zai koya da yatsu goma, saurinsa zai faɗi warwas na wasu makonni, kuma a nan yawancin mutane ke komawa gidan jiya. Faɗuwar nan dole ce, sai an bi ta cikinta kafin a wuce inda ake da.

Akwai wani ɗan ƙaramin bincike da ya fi na awa dubu goman amfani ga mai koyo. A 2009 Robert Duke da abokan aikinsa a jami'ar Texas suka ba ɗaliban fiyano 17 wani gajeren wuri mai wuya, suka ce kowa ya yi atisaye iya son ransa, kashegari aka gwada su. Tsawon zaman bai nuna wanda zai fi ba, yawan maimaici ma bai nuna ba. Abin da ya raba su shi ne yadda suka yi da kuskure. Waɗanda suka fi, da zarar sun yi tuntuɓe sai su tsaya, su gano ainihin wurin da dalilinsa, su rage gudu, su maimaita har sai gyaran ya zauna. Kaso mafi yawa na abin da suka buga daidai suka buga shi.

Ga yadda wannan yake a aikace ga mai koyon kayan kiɗa. Yawancin masu koyo sukan faro waƙa daga farko, su zo wurin da ke ba su wuya su yi tuntuɓe, su koma farko. In sun yi haka sau ashirin, sun buga abin da suka riga suka iya sau ashirin, sun kuma buga kuskuren sau ashirin, wato sun koya wa yatsunsu kuskuren da kyau. Gyaran shi ne ka ware wurin, kada ya wuce sauti huɗu zuwa takwas, ka haɗa da sauti ɗaya kafinsa da ɗaya bayansa don gaɓar ta kama. Ka kunna na'urar ƙirga bugu, ka sauke ta zuwa gudun da ba ka kuskure ko kaɗan, ko da bugu 50 ne a minti. Sannan ka gano takamaiman abin da ke faruwa. Yatsa na uku ne ke makara, ko wuyan hannu ne ke ƙagewa, ko ido ne ke barin takarda ya rasa wurinsa? Kowannensu maganinsa daban, shi ya sa “ban iya wurin nan ba” ba ta isa bayani ba. In ka buga sau biyar a jere ba kuskure, ƙara bugu huɗu. In ka yi kuskure sau biyu a jere, sauko da takwas. Minti goma a haka sun isa, ka koma wani abu. Kashegari ka fara ƙasa kaɗan da inda ka tsaya, domin ba duk abin da hannu ya yi jiya ne ya riƙe ba.

Ɗan akwatin launukan nan da Ernő Rubik ya ƙirƙira a Hangari a 1974 ya fi komai fito da wannan fili, domin da agogo ake auna shi. A gasar duniya ta farko a Budapest a 1982 an ci da daƙiƙa 22.95. A 2023 Max Park ya warware shi a daƙiƙa 3.13. Sabon mai koyo da ke bin hanyar hawa-hawa yakan sauko zuwa wajen minti ɗaya ba wuya, sai ya maƙale, ya warware sau ɗaruruwa lokacin bai motsa ba. Hanyar da yawancin masu gasa ke bi mataki huɗu ce: a haɗa gicciye a ƙasa, a jera hawa biyu na farko bibbiyu, a daidaita launin saman, a mayar da kowane yanki gurbinsa. Matakai biyu na ƙarshe suna da jerin juyi 57 da 21 da ake haddacewa, kuma nan masu koyo ke rugawa, don hadda abu ne da ake iya ƙirgawa. Amma in mutum ya auna kowane mataki shi kaɗai, zai ga kusan rabin lokacinsa a mataki na biyu yake tafiya, kuma yawancinsa a tsayawa ne, hannu ya daskare ido na neman yanki na gaba. Maganin yana saɓa wa hankali: ka rage saurin juyawa har ya zama hannunka ba ya tsayawa ko sau ɗaya, idonka kuma ya bar abin da hannu ke yi ya tafi neman na gaba. Shi kuwa gicciyen, ana ba da daƙiƙa 15 na dubawa kafin a fara, kuma ba ya taɓa buƙatar fiye da juyi takwas, don haka ka tsara shi duka a kai, ka rufe ido ka yi. A makon farko lokacinka zai ƙaru kafin ya fara sauka.

Gem ya fi kowane abin sha'awa saurin cinye awanni, kuma ya fi yaudarar mai shi cewa yana ci gaba. Yawancin wasannin gasa na intanet suna haɗa ka da sa'o'inka ta wani tsarin maki da ya samo asali daga wanda Arpad Elo ya ƙirƙira, wanda hukumar ces ta duniya ta karɓa a 1970. Sakamakonsa shi ne, ko ka iya ko ba ka iya ba, kusan rabin wasanninka za ka ci, rabi a cinye ka. Ke nan ci ko faɗuwa a wasa ɗaya ba ya gaya maka komai, balle a wasan ƙungiya inda mutum huɗu ko tara ke da hannu a sakamakon. Ga shi kuma abin da ke ba ka wuya, misali wani irin hari ko wata kwana, wataƙila sau biyu zai zo a wasan minti talatin. Daƙiƙa goma ke nan na atisayen gaske a rabin awa.

Mai son haurawa sai ya ware kashi ɗaya cikin huɗu na lokacinsa daga gasa. Ya ɗauki wasa ɗaya da aka cinye shi ya sake kallonsa, duk inda ya mutu ya koma baya daƙiƙa ashirin, domin kuskuren ya riga mutuwar. Ya rubuta dalili a taƙaice: na tsaya a fili, ban dubi taswira ba, na shiga faɗa ba abokai, saitin harbi ya kauce. Bayan wasa biyar zai ga dalili ɗaya ya fi maimaituwa, kuma galibi ba saitin da yake zargi ba ne. Wannan ɗayan zai kai ɗakin gwaji na gem ɗin ya yi minti goma sha biyar a kansa, sannan ya shiga gasa da niyya ɗaya tak, misali kallon taswira duk bayan 'yan daƙiƙu, ko da hakan zai sa a cinye shi. Kada ya riƙa sauya ƙarfin motsin linzamin kwamfuta ko tsarin madannai duk ranar da wasa ya ƙi, domin hannu ba ya haddace abin da ke canzawa kullum. In an cinye shi sau uku a jere ya tashi. Wasan da ake yi cikin fushi tsofaffin ɗabi'u yake dawowa da su.

Wani lokacin ma ba gyaran kuskure ake buƙata ba, hanyar ce gaba ɗaya ta kai iyakarta. Tsohon Tetris, gem ɗin jera tubalan da ke faɗowa, na na'urar Nintendo da ya fito a 1989 ya shekara da shekaru ana ɗaukar mataki na 29 a matsayin ƙarshensa, domin tubalan na faɗowa da gudun da danne maɓalli ba ya kai su gefe a kan lokaci. Wasu suka koyi karkarwar yatsa, suna danna maɓallin fiye da sau goma a daƙiƙa. A 2020 aka fito da wata dabara ta kaɗa yatsu a bayan abin riƙewar, yana tura maɓallin a kan yatsan da ke sama, saurin ya kusan ninkawa. A Disambar 2023 Willis Gibson, ɗan shekara 13 a Amurka, ya kai mataki na 157 har gem ɗin ya daskare. Akwai waɗanda suka fi shi awanni nesa ba kusa ba, amma da tsohuwar hanya suka tara su. Shi ya sa awa ɗaya ta kallon yadda wanda ya fi ka ke riƙe kayan aikinsa, ko ta zama da malami, takan fi awa hamsin ta fama kai kaɗai.

Sai maganar rarraba lokaci, wadda a nan ne shaida ta fi ƙarfi kuma aka fi yin biris da ita. A 1978 Alan Baddeley da abokin aikinsa suka wallafa yadda aka koya wa ma'aikatan gidan waya a Birtaniya buga rubutu. Wasu awa ɗaya a rana, wasu har awa huɗu. Abin da masu awa huɗu suka koya a awa 80, masu awa ɗaya sun koye shi a wajen 55. Amma da aka tambaye su, masu awa huɗun sun fi gamsuwa da tsarinsu. A 2014 Tom Stafford da Michael Dewar suka bi diddigin mutum sama da 850,000 da suka buga wani gem na intanet mai suna Axon, suka ga waɗanda suka raba wasanninsu na farko a kan fiye da kwana ɗaya sun fi maki a kan waɗanda suka yi adadin a zama ɗaya. Barci na da hannu a ciki. A 2002 Matthew Walker da abokan aikinsa suka sa mutane buga jerin lambobi 4-1-3-2-4 da hannun da ba su saba da shi ba. Bayan awa 12 a farke ba a ga wani ci gaban kirki ba, bayan barcin dare kuwa saurinsu ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100 ba tare da ƙarin atisaye ba. Minti ashirin sau shida a mako sun fi awa biyu a rana ɗaya, duk da jimillar ɗaya ce. Yau da gobe ce ke yin aikin.

A wajen yara abin ya fi muhimmanci, domin manya ne ke tsara musu lokacin, kuma manya sukan zaɓi abin da ya fi kyan gani a ranar. A 1978 Robert Kerr da Bernard Booth suka sa yara 'yan shekara takwas jifa da ƙaramar jaka zuwa wani gurbi. Rukuni ɗaya daga nisan ƙafa 3 kawai suke jifa, ɗayan daga ƙafa 2 da ƙafa 4. Aka gwada kowa a ƙafa 3, sai waɗanda ba su taɓa jifa daga nan ba suka fi. A lissafi ma haka. A 2007 Doug Rohrer da Kelli Taylor suka koya wa ɗalibai ƙididdige girman siffofi huɗu. Masu amsa tambayoyi iri ɗaya a jere sun ci kashi 89 a lokacin atisaye, masu amsa su a gauraye kashi 60. Bayan mako ɗaya na farkon suka ci 20, na biyun 63. Dalilin shi ne in tambaya goma a jere duk ta raba lamba ce, yaro ba ya koyon gane lokacin da ake rabawa, alhali a jarrabawa wannan ne rabin aikin. Uban da ke duba aikin gida zai iya gyara wannan ba tare da ƙara ko minti ɗaya ba: cikin tambaya goma, huɗu daga darasin yau, shida daga na makon jiya da na watan jiya, a cakuɗe. Yaron zai fi yin kuskure a teburin, kuma dole babba ya iya jure ganin haka.

Karatu shi ne inda yawan lokaci kansa ya fi bayyana. Wani bincike na 1988 a kan yara 'yan aji biyar a Amurka ya nuna yaro matsakaici na karanta littafi ƙasa da minti biyar a rana in ya bar makaranta, kimanin kalma 282,000 a shekara, mai karanta minti 21 kuwa yana haɗuwa da wajen kalma miliyan 1.8. Tazarar kwata ɗin awa ce a rana. Amma ko a nan littafin sai ya dace. In yaro na tuntuɓe a fiye da kalma ɗaya cikin ashirin, ƙarfinsa duka na ƙarewa a haɗa baƙaƙe, ma'ana ta ɓace masa, ya tsani zaman. In ya maƙale a kalma, a ba shi daƙiƙa huɗu ko biyar kafin a sa baki, a nuna masa farkon kalmar, in ya samo ta ya sake karanta jimlar tun daga farko. Bayan an rufe littafin a ce ya faɗi abin da ya tuna. Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun nuna a 2006 cewa waɗanda suka karanta rubutu sau ɗaya suka gwada tuno shi sau uku sun riƙe kashi 61 bayan mako ɗaya, waɗanda suka karanta sau huɗu kuwa kashi 40.

Akwai wani buri da ya kamata iyaye su rage, shi ne cewa gwaninta a abu ɗaya za ta yi naso zuwa wani. A 1980 Ericsson da William Chase suka ba da labarin wani ɗalibi da ya yi atisayen riƙe lambobi sama da awa 230, ya tashi daga lamba 7 zuwa 79. Da aka gwada shi da baƙaƙe, bai wuce shida ba. Gwanayen ces sukan kalli allo na daƙiƙa biyar su mayar da kusan komai gurbinsa, amma in aka watsa 'ya'yan barkatai, fifikonsu a kan sabon shiga ya kusa ɓacewa, kamar yadda Chase da Herbert Simon suka nuna a 1973. A 2010 aka gwada wasannin da ake cewa suna wasa ƙwaƙwalwa a kan mutum 11,430 na mako shida. Sun ƙware a wasannin, ba su ƙaru a komai ba bayan haka. Don haka yaron da ke ces zai iya ces, mai gem zai iya gem, kuma wannan ba abin raini ba ne, gwaninta ce ta gaske. In ana son ya iya lissafi, sai ya yi lissafi. Abin da nake ganin yana iya ƙetarewa shi ne ɗabiar tsayawa a kan kuskure a bincike shi, ita ma sai in wani babba ya nuna masa cewa abin da yake yi in ya sake kallon wasan da aka cinye shi, shi ne abin da zai yi da takardar jarrabawar da aka dawo masa da ita.

Masu son a ɗora yaro a kan abu ɗaya tun yana ƙarami sukan kawo misalin László Polgár na Hangari, wanda ya koya wa 'ya'yansa mata uku ces a gida, har ɗayarsu, Judit, ta kai babban matakin gwanaye a 1991 tana da shekara 15. Gaskiya ne, a ces da kiɗa farawa da wuri na taimakawa. Amma ba a jin labarin gidajen da aka gwada haka yaran suka tsani abin. A wasannin motsa jiki kuwa, nazarin da Arne Güllich da abokan aikinsa suka wallafa a 2022 a kan 'yan wasa sama da 6,000 ya nuna waɗanda suka kai matakin duniya a girmansu sun fi fara babban wasansu a makare, sun fi taɓa wasanni daban-daban suna yara, kuma ci gabansu na farko ya fi tafiya a hankali. Waɗanda aka ɗora da wuri a gasar yara suka fi haskawa. Wani bincike na 2014 a kan tagwaye sama da 10,000 a Suwidin ya nuna cewa ko son zama a yi atisayen kiɗa yana da alaƙa da gado. Yaron da ba ya son fiyano ba lallai malalaci ba ne, wataƙila abinsa na wani wuri, kuma ba za a sani ba sai an bar shi ya taɓa abubuwa uku ko huɗu.

Game da gem da yara, ƙirga awanni kaɗai ba ya raba mai koyo da wanda ya faɗa tarko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa larurar gem cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, kuma ba da yawan awa ta auna ta ba. Alamominta su ne mutum ya kasa tsayawa, ya fifita gem a kan komai, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, yawanci har tsawon wata 12. Tambayar da ta fi amfani ga uba ita ce ya ce wa yaron, “Me kake ƙoƙarin gyarawa a wasan nan wannan makon?” Mai koyo yana da amsa, kuma zai yi bayani har a gaji. Wanda ke danna “sake” kawai ba shi da ita. Iyaka ɗaya da bai kamata a sassauta ba ita ce ta barci: likitocin barci na Amurka sun ba da shawarar awa 9 zuwa 12 ga 'yan shekara 6 zuwa 12, awa 8 zuwa 10 ga matasa. Yaron da ke gasa har ƙarfe ɗaya na dare yana zubar da abin da hannunsa ya koya a ranar, makinsa a gem ɗin kansa ne zai fara sauka kafin a zo maganar makaranta, kuma wannan hujjar yakan saurare ta fiye da faɗa.